Abin da Yake Faɗa a Bakin Tulu

Me maigidana yake faɗa a cikin tulu? Na yi masa wannan tambaya yana da rai, na yi wa Allah ita bayan ya tafi, ga shi na tsufa ban samu amsa ba. Sunansa Bawa. Rubuta shi haka, 'yata, tunda alƙalamin a hannunki yake. Ni bakina bai saba da sunan ba, "maigida" nake ce masa har ya bar duniya. In kin ga na yi shiru ina share ido, ki dakata kawai, zan ci gaba.

Ku 'yan matan mawaƙa kun zo kun ce za a yi taron falkaswa a majami'a, na farfaɗo da bangaskiya, bayan girbi, wai in ɗan gina muku tulun kiɗa kafin ranar. Na ji wata a cikinku tana cewa ai laka ce da wuta, ba wani abu ba. Hannuna ya daina gini, rawa yake yi. Amma ku zauna ku ji yadda ake yin abin, ku ji kuma abin da ya jawo mana a wancan taron falkaswa da aka yi shekarar fari, ba da daɗewa ba bayan yaƙin basasa.

Aikin farko da gwaggona ta ba ni ba gini ba ne, daka ne. A ƙauyenmu, kan hanyar Masama in an fito daga Gwandu, gidanmu gidan maginan tukwane ne tun kakanni. Ta zubo mini tsingaro, fasassun tukwanen da suka mutu a wuta, ta ce in daka su a turmi har su zama gari. Rani ya wuce, damina ta wuce, ina daka. Da na yi ƙorafi sai ta ɗauko tsingaro ɗaya ta kai mini gaban ido. "Duba nan. Wanga mi yak kashe shi?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Tsakuwa ta. Wanga kuma gaggawa, an kai shi wuta da ruwa cikinai. Ɗiyata, wadda ba ta san abin da ka kashe tukunya ba, ba ta gina mai rai."

Daga nan ta koya mini yumɓu. Ba kowace laka ce yumɓu ba. Ana gutsuro shi a fadama a ɗora a harshe. In ya yi ƙasa-ƙasa a haƙori a bar shi, in ya kama harshe kamar tuwon da ya kwana, shi ne. A jiƙa, a zuba garin tsingaro da ɓuntun shinkafa, a taka da ƙafa har ya daina manne wa diddige, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ya kwana. Sannan a zauna gaban ɗan rami mai santsi, a barbaɗa toka, a ɗauki dundunge. Dundunge dunƙulen gasasshen yumɓu ne mai kama da kan taɓarya, da shi ake bugun cikin tukunya ana juya ta har ta buɗe. Nawa na gwaggo ne, nata na uwarta. Wuya daban ake ɗora shi, bayan ciki ya ɗan sha iska. A shafa jar ƙasa, a goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare har ta yi ƙyalli. A shanya a inuwa, don rana maƙiyiyar ɗanyar tukunya ce. Duk wannan ba a ma zo wuta ba.

Ina budurwa wani tabo ya fito mini a kafaɗa, fari-fari. Gwaggo ta soka masa ƙaya ina kallon wani wuri, ban ji ba. Daga ranar ta ware mini ƙwaryata daban. Haka aka kawo ni Kalgo, wurin asibitin kutare na 'yan mishan. An gano ciwon da wuri, ban rasa ko farce ba. Suna kaɗai na rasa, don a ƙauyenmu ba wanda zai ƙara shan ruwa a randar da na gina. A nan na ji bishara, aka yi mini baftisma, aka sa mini Saratu. A nan kuma na sadu da maigidana. Shi daga can wajen Zuru ya zo, kuma ya zo a makare. Ciwon ya cinye masa yatsu, ya shiga maƙogwaro ya cinye rabin murya. In yana magana sai ka ce ana jan kara a kan yashi. Da aka sallame mu muka yi aure, muka zauna a 'yar unguwar waɗanda suka warke ba su da inda za su koma. Mu da su muka gina 'yar majami'armu ta ƙasa.

Shi ke haƙo yumɓu. Na ɗinka masa maɗauri na fata, yana ɗaure fartanya a wuyan hannu ya tafi fadama da jaki. Shi ke takawa kuma, amma tafin ƙafarsa ba ya ji, don haka kowace yamma sai na ɗora ƙafar a cinyata na duba ko ƙaya ta shiga bai sani ba. Ni ke gini. Wuta tare muke yi. A jera tukwane a kife, manya a ƙasa, a cusa kandilo, wato busasshen kashin shanu da muke tsintowa a mashekarin Fulani, a lulluɓe da kara da ciyawa, a kunna ta gefen da iska ke fita don wutar ta ci a hankali. In kin ji "tas" a cikin wuta, wata ta mutu. Kuma tukunya ba ta mutuwa ita kaɗai, sai ta ja maƙwabciyarta.

Sayarwa ita ce wahala. Mutum zai ɗaga randa, ya ƙwanƙwasa, ya yaba, sannan ya tambaya wa ya gina. Da ya ji sai ya ajiye ta a hankali ya goge hannu a riga. Sai wata dillaliya, Hajjo, ta riƙa zuwa tana kwasa tana kaiwa kasuwar Gwandu ta haɗa da na wasu. Musulma ce, mai baki, ba ta tsoron kowa, amma ba ta taɓa shan ruwa a gidanmu ba. Ran farko ta ce mini, "In an tambaye ni ta wa ta, mi za ni cewa?" Maigida ya ce, "Ki ce ta Allah ce." Ta ce, "Ta Allah ta, Bawa, amma ba shi nika kawo ma cinikin ba."

Randa mafi girma da na taɓa ginawa ita ta sa ni. Ta kai ni ƙirji, sai da na yi ta hawa-hawa, in ɗora wannan in jira ya kama sannan in ɗora na gaba, ina zagaya ta kamar mai sussuka. Hajjo ta kai ta gidan wani attajiri a Gwandu. Duk zuwan da za ta yi sai ta ce, "Suna ta yabon sanyin ruwan randarki, har baƙi aka ɗebo ma." Ita dariya take yi, ni kuwa ba na yi. In na ga baƙuwar fuska ta doso unguwarmu sai in ce an gano.

Tulun kiɗa na farko Tabita ce ta sa ni. Ita ce uwar zumuntar mata a majami'armu, kuma ƙawata ce, layi ɗaya muka riƙa bi muna karɓar magani. Ta je babban taron mata a wani gari ta dawo tana ba da labari, wai mata na buga bakin tulu da ɗan matashi na tsumma, sauti na fitowa kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Ta gwada da tulun ruwanta, ya yi ƙara kamar an mari jaki. Na ce ta ba ni lokaci.

Ku ji bambancin, ku da kuka ce laka ce kawai. Tulun ruwa ana so ya yi gumi don ruwa ya yi sanyi, saboda haka ana ba shi ɓuntu da yawa. Tulun kiɗa ba ya son gumi. Ɓuntu kaɗan, jiki a tsuke, bango siriri kuma daidai ko'ina, ciki da faɗi, wuya da ƙunci. In wuyan ya buɗe da yawa sautin ya zube, in ya tsuke da yawa ya shaƙe. Na ɓata da dama kafin in samu. Daga baya na gina babba mai gurnani da ƙanana masu amsa masa, har majami'u na nesa suka riƙa aikowa.

Sai dai tulun kiɗa yana da wata mutuwa ta ɓoye. Tsagu ne siriri kamar gashi, a inda wuya ya haɗu da kafaɗa. Ido ba ya gani, ƙwanƙwasawa ba ta cika nunawa ba, sai an kai shi taro an buga an buga, ya shaƙe a tsakiyar waƙa. Maigida ne ya samo dabara. Da safe, in an tone tuluna daga toka da sauran ɗuminsu, sai ya rungumi ɗaya da damatsa, ya kifa bakinsa a bakin tulun ya ja murya. In tulun lafiya yake, muryar ta cika shi ta dawo. In da tsagu sai ta yi rawa.

Da farko gunji kawai yake yi, ba kalma. Ban san ranar da abin ya zama magana ba. Na dai lura yana daɗewa, idonsa a rufe, kuma kalmomi ne, da yaren garinsu wanda ban iya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki, a cikin tulu muryarsa ba ta karcewa. Cikakkiyar murya ce ta namiji, irin wadda ban taɓa ji a bakinsa ba.

Na ce, "Maigida, da wa kake magana?"

Ya ce, "Da tulu."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce matarka ta cika tambaya."

Na yi dariya na bar shi. Amma akwai abin da na sani wanda ba na son tunawa. Ya taɓa gaya mini, tun muna asibiti, cewa ubansa ne mai riƙon tsafin gidansu, kuma akwai wata tukunya a gindin dutse da uban kaɗai ke yi wa magana. Bai ƙara tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Sai shekarar fari ta zo. Ruwa ya sauka aka yi shuka, ya ɗauke. Aka sake, ya sake ɗaukewa. Gero ya tsaya a gwiwa ya ƙone. Fadama ta tsattsage har jakinmu ya kusa karya ƙafa, yumɓu ya zama dutse, maigida ya wuni yana sara ya dawo da abin da bai cika mangala ba. Fulani suka yi kudu da abin da ya rage musu na shanu, kandilo ya ɓace. Karan da za mu yi wuta da shi dabbobi sun cinye. Na gasa tukwane da wutar da ba ta isa ba, suka fito baƙi-baƙi, ruwa na kwana a ciki gindi ya zube.

A majami'a Fasto Iliya ya ce ba ƙasa kaɗai ta bushe ba, zukatanmu sun riga ta. Kuma gaskiya ya faɗa. Ranar Lahadi benci ya fi mutane yawa. Maza na shan burkutu a ɓoye, mata ba sa gaisawa saboda rigimar rijiya. Ya ce mu riƙa taruwa kowace safiya mu roƙi Ubangiji falkaswa, wato ya tashe mu daga barci ya sabunta ikilisiyarsa. Maigidana ne ke fara zuwa. Shi ke buga ƙarfen kira, ya matse dutse tsakanin dungulmin hannuwansa. Ba wanda ya kai shi roƙon falkaswa. Ki rubuta wannan, duk wanda ya ga lokacin zai shaida.

Bayan abin da aka kira girbi, aka gayyato baƙon mai wa'azi, saurayi ne daga nesa, mai kaifin harshe. Aka kafa rumfar zana a gaban majami'a, mutane suka zo daga ƙauyuka. Ba zan ce muku ƙarya aka yi ba. Na ga ƙattin maza suna kuka kamar yara. Na ga an kwance layu da guraye daga ƙugu an zuba a wuta. Wani ya jawo akuyar da ya sace tun bara ya mayar wa mai ita, har da 'yar da ta haifa a hannunsa. Matan da suka daɗe ba sa gaisawa suka rungumi juna. Tulunan da na gina suna gurnani, ƙasa na amsawa. Ni ma na yi kuka, na ce ga abin da muka roƙa ya zo.

Amma baƙon bai gamsu ba. Ya ce akwai sauran abu a ɓoye a cikinmu, shi ya sa sama ta rufe, kuma Ruhu ba zai sauka sosai ba sai an fito da shi. Ya riƙa bin fuskoki da ido. Kun san mutane. Da nasu zunubin ya ƙare sai suka fara waige. Kowa na kallon na kusa da shi, wanda ya yi tari ma sai an dube shi.

Tabita ce ta miƙe, ranar ƙarshe da la'asar. Tana kuka. Ta ce, "Ina da zunubi. Na ga abu na ɓoye shi saboda ƙawance. Na je ɗaukar tulu gidan Saratu, na tarar da Bawa ya sa baki a ciki yana kiran wani abu da yarensu. Kowane tulu sai da ya yi masa. Su ne waɗannan da muke bugawa a gaban Ubangiji."

Matan da ke riƙe da tuluna suka janye hannu kamar garwashi suka taɓa.

Baƙon ya ce, "Ina Bawa?" Maigida ya miƙe daga wurinsa na gaba.

"Gaskiya ta faɗa?"

"Gaskiya ta faɗa."

Na miƙe na ce gwada tulu yake yi, tsagu yake nema. Baƙon ya ce, "Mama, tsagu na jin yare ne?" Wasu suka yi dariya. Ya juya wurin maigida. "Baba, abin ba wuya. Faɗa mana da Hausa abin da kake cewa. In addu'a ce mu ce amin."

Maigida ya dubi rumfar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "Ba da ku nake ba."

"Da wa kake?"

"Wanda nake da shi ya ji."

Fasto Iliya ya taso ya dafa shi, ya rage murya. "Bawa, kada ka yi taurin kai a nan. Ka faɗa a wuce wurin."

Ya ce, "Fasto, ni ba na fassara."

Aka fito da tuluna gaban rumfa, samari suka kawo taɓarya. Kowane tulu da aka buga sai ya yi kukansa na ƙarshe, kuma na san muryar kowanne. Dakata, 'yata. To, ci gaba. Bayan sun fasa suka tona tsingaron da sanda, suna neman laya ko gashi ko ƙashi. Ba su samu komai ba. Baƙon ya ce abin da aka zuba da baki ba a ganinsa da ido. Dattawan ikilisiya suka zauna suka sa maigida a ƙarƙashin horo. Zai koma bencin baya, ba zai ci jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke tarayya a kai, ba zai buga ƙarfe ba, ba zai ɗaga murya a addu'a ba, sai ranar da ya tsaya ya fassara.

Ranar Lahadi ya sa rigarsa ya tafi kamar kullum, ya zauna a baya kusa da ƙofa, inda awaki ke leƙowa. Ba wanda ya ce in bi shi. Na bi shi. Mata suka koma buga garwar kananzir.

Labari ya riga Hajjo isa Gwandu. Ta zo ba jaki, ta tsaya a bakin ƙofa. "Saratu, da can kuturta ɗai nika ɓoye ma mutane. Yanzu an ce 'yan addininku da kansu sun ce akwai iska cikin tukwanenki. Wanga ban iya ɓoye shi." Na ce, "Ke kin yarda?" Ta ce, "Ni ban ce ba. Amma mi yah hana shi faɗi?" Ta ba ni shawara in koma ginin indararo, don ba mai tambayar wanda ya gina abin da ruwan soro ke bi ya zuba ƙasa. Na gina su na jera a bayan ɗaki. Maigida ya dube su ya ce, "Shekarar da ba ruwa kika ga damar ginin indararo." Tafasa da rama muka yi ta ci har aka fita daga yunwar.

Tambayar Hajjo ta zauna mini a rai. Me ya hana shi faɗa? Na fara sa masa ido. In zai tafi fadama in lura da abin da ya ɗauka, in ya dawo in duba mangala. In ya daɗe a bayan ɗaki in sami dalilin wucewa. Wata safiya na same shi da wani tsohon tulu da ya tsira don yana ƙarƙashin gado, ya kifa baki yana yi. Na laɓe na kasa kunne. Akwai wata kalma da yake ta maimaitawa a tsakanin sauran. Na riƙe ta a baki kamar goro, na kai wa wata tsohuwa 'yar ƙasarsu da ke unguwarmu. Ta sa na maimaita. Ta ce, "In kin ja ƙarshenta, 'tashi' ke nan, kamar yadda ake tashin mai barci. In kin datse ta, suna ne, irin wanda ba a kira a gidan masu bi. Ke wanne kika ji?" Na ce a cikin tulu ya faɗa. Ta ce, "To tulu ai komai ja yake yi."

Ga inda na tsaya har yau. Wani lokaci in ce falkaswar nan da yake roƙo a majami'a da Hausa, ita yake roƙo a tulu da harshen uwarsa, yana ce wa ikilisiya ta tashi, ko yana ce wa Allah ya tashi ya dube mu. Wani lokaci in tuna tukunyar ubansa a gindin dutse, in ce irin maganar ce yake yi. Wani lokaci kuma in ce ba wannan ba wancan. Mutum ne da ciwo ya ƙwace wa murya, ya sami wurin da take dawo masa, yana kunyar ya faɗa wa rumfa cike da mutane cewa kansa yake saurare.

Abin da ya ƙara rikita ni, falkaswar ta zo. Da damina ta kewayo ruwa ya sauka, ba mai yawa ba amma an ci. Aka saye indararona kaf. Majami'a ta cika har aka rushe bango aka ƙara faɗi, aka yi wa sabbin mutane baftisma a gulbi, waɗanda suka bar sha ba su koma ba. Wasu suka ce fasa tuluna ne ya buɗe sama. Ban iya ce musu a'a ba, ban iya cewa i ba. Maigida kuwa, shi ya taka musu ƙasar sabon ginin. Da aka gama aka mayar da bencinsa jikin sabon bango, ya ma fi nisa da gaba. Kowace safiya yana nan a taron addu'a, bakinsa na motsi ba murya.

Fasto Iliya ba mugu ba ne. Yakan zo gidanmu da yamma ya zauna a tabarma. "Bawa, ko ni kaɗai ka faɗa wa, in kai wa dattawa." Maigida ya ce, "In na ce maka addu'a ce, za su ce kuturu ya ji yunwar jibi ya ƙirƙiro. In na ce ba addu'a ba ce, sun sami abin da suke nema. Wanne kake so in ba ka?" Fasto ya ce, "Gaskiya." Ya ce, "Ita na ba ku a rumfa." Shekara da shekaru haka.

Tabita ma ta dawo, bayan an gaji da ƙarar garwa. Ta tsaya a tsakar gida ba ta iya duban idona. Ta ce mata na son tulu, amma da sharaɗi, kada ya sa baki. Na dubi maigida. Ya ce, "Gina musu. Waƙar Ubangiji ba ta yi laifi ba." Na gina, na ƙwanƙwasa da yatsa kamar yadda gwaggo ta koya mini, na ba su. Ya yi sauti, ba laifi. Ba wanda ya ji wani bambanci. Daga bencin baya muke jin sa.

Saboda haka, 'yan mata, ku yi taronku. Ku roƙi falkaswa da dukan zuciya, ni ma ina roƙo, don ina ganin barcin da ake yi yanzu ya fi na wancan lokacin nauyi. Abu ɗaya zan roƙe ku. In an ce a miƙe a furta zunubi, kowa ta furta nata ta zauna. Tulu kuwa ku je wajen Malisa, an ce akwai sauran wata maginiya. Ku ce mata ɓuntu kaɗan, wuya kada ya wuce dunƙulen hannu.

Ciwon ƙirji ne ya kama maigida, lokacin da ake ta maganar soja za su mayar wa farar hula mulki. Asibiti suka yi iyakar ƙoƙarinsu, suka ce in kai shi gida. Da hantsi Fasto Iliya ya zo da 'yar jaka. Na san abin da ke ciki, gurasa ce da ƙoƙon jibi, an lulluɓe da farin ƙyalle. Ya zauna a bakin gado ya ɗora jakar a cinya. Ya ce, "Bawa, na zo da shi. Dattawa sun sassauta, sun ce ba sai ka fassara ba. Zan tambaye ka, addu'a ce? Ka gyaɗa kai kawai." Maigida ya dube shi ya daɗe. Kansa bai motsa ba, ko sama ko gefe. Fasto ya yi ta jira har inuwa ta bar bakin ƙofa. Ya yi addu'a yana kuka, ya tashi da jakarsa a rufe. Daga baya da maigida ya rasu an binne shi a maƙabartar ikilisiya, ba wanda ya hana, Fasto da kansa ya shiga rami ya karɓe shi.

Da Fasto ya fita a ranar, na durƙusa na kama dungulmin hannunsa. Na ce, "Maigida, ni fa? Ba zan kai wa kowa ba. Na zauna da kai a baya duk shekarun nan ban nemi komai ba. Faɗa mini, in san inda za ka." Ya buɗe ido. Numfashi na fita da ƙyar, sai da na kai kunnena bakinsa. Na ɗauka ita ce zai faɗa.

Ya ce, "Saratu, ran Lahadi ki koma gaba ki zauna. Ni aka hora, ba ke ba."